Yaya Ado da Binciken Firosesa

Duk wanda ya san Yaya Ado mai gyaran rediyo a garin Ƙofa ya san ba ya sayen abu sai ya yi masa bincike irin na aure. Ko tocila ce, sai ya ji asalinta da halinta.

Da ɗansa Nura ya fara zancen tafiya Legas neman aiki, sai Yaya ya ce zai haɗa masa kwamfuta a shago: buga takardu, wanke hoto, rajistar jarrabawa, ko yaron ya zauna a gida. Komai ya samu, saura firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar.

Ni na raka shi Kano. Mai shago ya ɗauko ɗaya ya ce, "Baba, wannan gudu gare ta, ba a magana!"

Yaya ya ce, "Samari, ba tsere za mu shiga ba. Tana da haƙuri? Ta taɓa cin bazara a ƙauye?"

"Baba, sabuwa ce fil!"

"Wato ba wanda ya san halinta ke nan. Tashi mu tafi, Sani."

Kai jama'a! Sai ya shiga bin gidajen da ire-irenta suke. Ya je Bagauda, ya je Tudun Wada, yana dafa bayan kwamfutocin mutane kamar mai duba zazzaɓi. A Kiru wani ya ce tasa takan ɗauke in ta ji zafi. Yaya ya ce, "Mai fushi ce. Ba za ta shigo mini shago ba."

Na ce, "Yaya, sayi kowacce mana, yaron nan fa ya fara haɗa jaka."

"Kai da ka sayi babur don launinsa? Rufe mini baki!"

Kafin ya samu wadda ya yarda da ita, matsakaiciya mai jure zafi, Nura ya tafi. Muka yi ta tsokanar Yaya a majalisa, muryata ta fi ta kowa. Shi dai ya haɗa abarsa, ya lulluɓe ta da zanen gado. Kullum da safe sai ya kunna, ya kira Legas, ya kara wayar a jikinta: "Nura, ka ji fankarta? Lafiyarta ƙalau. Kai kawai take jira."

Ana haka Allah ya yi wa Yaya rasuwa. Ranar sadakar ukunsa Nura ya iso. Ya buɗe shagon, ya yaye zanen, ya danna, ta tashi. Ya daɗe zaune a gabanta. Har yau bai koma Legas ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya Ado. Allah ya sanyaya makwancinka, ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.