Teburin Sumana da Mabuɗin Halidu

Sumana Alassan ya dawo Gaya a zamanin soja da diplom ɗin injiniya daga Dakar. Shekara biyar ya yi yana koyon abu guda: a jera lambobi cikin tebur, wanda yake kira matris, a auna ko na'ura za ta zauna daidai ko za ta haukace. Gwamnati ta duba wannan ilimi, ta ba shi gadin ƙofar ruwa a gonakin shinkafa na bakin kogi.

Mabuɗin ƙofar kuwa yana aljihun kumandan, mai mulkin garin. In ruwa ya yi kaɗan, a rubuta takarda, bayan kwana uku ya sa hannu, a buɗe gaba ɗaya. In ya yi yawa, wata takardar, wasu kwana ukun.

Sumana ya zuba wannan jinkiri cikin teburinsa, ya rubuta rahoto mai shafi goma sha biyu: haka za a yi ta ambaliya da fari har shinkafar ta mutu. Ya ja layi a ƙarƙashin inda ya ambaci sa hannun kumandan, ya miƙa rahoton.

Shinkafa ta ƙi mutuwa. Ta yi kyau fiye da bara.

Ya je wurin Halidu, tsohon manomi, da takardunsa a hammata.

"Baba, lissafina ba ya ƙarya. Yaya aka yi?"

Halidu ya zaro mabuɗi daga hularsa. "Wani maƙerin Malanville, can tsallaken kogi, shi ya ƙera mini. Kullum bayan sallar asuba nakan tsoma ƙafa a ruwan, in ɗan murɗa ƙofar. Kai kana can kana jan layi, ɗana."

Ran Litinin kumandan ya kira Sumana, jandarma biyu a tsaye.

"Injiniya, ka ce sa hannuna zai kashe shinkafa. Ga ta nan. Ko dai wani yana taɓa ƙofata, in kai shi kaso yau, ko kuwa Dakar ta sallamo mana jaki. Wanne ne?"

Sumana ya dubi shafinsa goma sha biyu. Babu kuskure ko ɗaya a ciki. Sau bakwai ya bi su.

"Jaki ne, ranka ya daɗe."

Kumandan ya sa shi ya rubuta haka, shi kuma kumandan ya sa hannu nan take, ba jiran kwana uku.

Har Sumana ya yi ritaya, Gaya ba ta san shi da wani suna ba sai Jakin Dakar. Halidu ma haka yake kiransa, a gaban mutane.