Layi Uku na Dawar Baba

A rediyo na fara jin zancen. Wai ƙasarmu ta ƙulla yarjejeniya da wani ƙawancen sojojin ƙasashen Turawa, za a riƙa ba namu horo da kayan aiki, a kuma yi musayar bayanai. Ina ɗakin malamai ina duba takardun ɗalibai, na ja tsaki. Mu da in za ka Kaduna sai ka bar wasiyya, ina ruwanmu da hannun da aka sa a wani ɗaki mai sanyi? Ashe yarjejeniyar nan har gonar ubana za ta tako.

Ƙauyenmu yana gefen hanyar Dogon Dawa. Ni ina koyar da Turanci a Birnin Gwari, Baba da Inna suna can gida. Gonar Baba ta kusa tana manne da inda sojoji suka kafa sansani, kuma dawa yake shukawa a cikinta, wadda ya gaji irinta wurin kakana. Doguwa ce ta fitar hankali, ba ta nuna sai kowa ya gama girbi, tuwonta kuwa ko ya kwana ba ya saki. Kowace kaka sai ya shiga gonar shi kaɗai, ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure, ya rataye a madafin Inna inda hayaƙi zai kore ƙwari. Ya sha gaya mini irin nan ba ya jure zama. In ya shekara biyu a rataye ya fara mutuwa, a ta uku sai dai a watsa wa kaji.

A wata damina 'yan bindiga suka biyo ta cikin dawar mutane da rana tsaka, suka kashe sojoji biyu a bakin shinge. Bayan mako guda aka kawo sabon hafsa, matashi ɗan kudu, bai daɗe da dawowa daga horon nan na ƙasar waje ba. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya sa mai unguwa ya tara manoma a ƙofar masallaci, aka aiko in zo in yi tafinta. Na sa rigata ta zuwa taro, har da biro biyu a aljihu. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji.

Hafsan ya buɗe wani ɗan littafi mai zane-zane. Ya ce abin da aka koya musu shi ne, daga sansani zuwa iyakar inda harsashi ke kaiwa, kada a bar abin da zai ɓoye mutum a tsaye. Dawa da gero da masara, duk a sare cikin kwana uku. Baɗi kuma sai wake da gyaɗa. Bai yi wa kowa tsawa ba. Ya kuma ambaci yaransa biyu da aka kashe. Ni kuma ina mayar da maganar Hausa, ina ƙara mata gishirin da ba shi ya sa ba.

Lokacin dawar Baba ta fitar da kai, amma in ka matsa ƙwayar farin ruwa ne ke fita. Wata guda ya rage mata. Baba ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa. Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kama sunana ba.

Ya ce, "Kai, gaya masa na yarda, a sare. Amma ya bar mini layi uku daga can ƙarshe, wajen rafi. Na iri ne."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Kunya ta kama ni. An kashe mutane, tsoho yana ta layi uku. Na ga kamar hafsan zai ce, ashe irin gidan da malamin Turanci ya fito ke nan. Sai na juya na gaya masa da Turanci cewa dattijon ya ce sun gode, za su bi umarni. Hafsan ya gyaɗa kai, ya sara wa Baba. Na waiwayo na ce, "Baba, ya ce ba zai yiwu ba."

Baba ya dubi hafsan, ya dube ni. Ya ɗan jima yana dubana. Sannan ya ce, "To," ya koma ya zauna.

Shi da kansa ya sare ta da adda, bai yarda kowa ya taya shi ba. Awaki suka yi kwana da kwanaki suna ci.

Abin da ya rage sai 'yar ragowar bara da ke rataye a madafi. Da ruwa ya sauka a shekara ta gaba, irin ya shiga shekararsa ta biyu, gonar kusa kuma an hana dogon amfani. Inna ta aiko mini cewa Baba ya fara gyaran tsohuwar gonarsa ta cikin daji, wadda kowa ya gudu ya bari tun da ɓarayin nan suka mamaye wajen. Na hau babur na je a fusace, na same shi yana wasa fartanya.

Na ce, "Baba, saboda tuwo za ka kai musu kanka?"

Ya ce, "Ba tuwo ba ne."

"To mene ne? Ga iri nan na zamani a kasuwa, wata uku ya nuna."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ubana da rai ya ba ni shi. Ni ba zan ba da shi matacce ba."

Na yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo. Faɗan kawai na iya. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai in nema masa ɗan wuri a cikin gari ba, ni da ke kwana kusa da filin makaranta da ciyawa ta cinye. Gaskiyar kuma da zan iya gaya masa, in ce mu koma wurin hafsan tare, ban faɗe ta ba.

Duk daminar yana tafiya da hantsi a kan kekensa, ya dawo kafin la'asar. Ya yi shuka, ya yi noman fari, ya yi maimai, ba abin da ya same shi. Har mun fara sakin jiki. Ranar da ya je zaɓen iri ne la'asar ta yi bai dawo ba. Washegari 'yan sa-kai suka same shi a kan hanyar dawowa, harbi ɗaya a baya. Ɓarayin sun tafi da keken. Buhun kuwa sun zazzage, da suka ga zangarniya ce suka bar ta a nan.

Ran uku hafsan ya zo ta'aziyya. Ya cire hula da takalmi, ya zauna a tabarma kusa da Baffa, ƙanen Baba. Ya tambaye ni da Turanci abin da zai kai dattijo kamar wannan cikin dajin nan shi kaɗai. Na ce masa iri ya je cetowa, tun da an sare gonarsa ta kusa. Ya ce shi ya san gonar, ƙarshenta na wajen rafi a kwari yake, ba ya tare musu komai. Ya ce me ya sa Baba bai tambaye shi ba, ai da ya bar masa.

Baffa ya taɓa ni ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce Allah ya jiƙansa."

Baffa ya ce amin, sauran mutane ma suka amsa.

Har yau ban gaya wa Inna ba. Takan yi wa sojan nan Allah ya isa in tana tuƙa tuwo, ina zaune ina ji, in sa hannu in ci. Ba na jin haushin littafinsa, ba na jin haushin Turawan da suka koya masa. Kaina nake jin haushi, kuma ba ya raguwa.

Zangarniyar da aka tsinto na kawo ta gari. Shugaban makaranta ya ba ni wuri a bayan ajujuwa, kowace damina ina shukawa. Ban iya zaɓe ba, don duk shekarun da Baba yake kirana in zo in gani ina cewa ina da aiki. In kaka ta yi sai in tsaya ina dube-dube, in yanke wadda ta fi yi mini nauyi a hannu. Layi uku nake yi, kuma suna isa, har a sami rara.