Wa Ya Ci Jarrabawar Garba Dikko?

Ranar da ta ƙi fita raina a duk shekarun da na yi ina aikin makaranta ita ce ranar da aka aike ni ƙasar Kebbe in sanar da yaron da ya fi kowa cin jarrabawa, na isa har ƙofar gidansu, na rasa wanda zan yi wa albishir. Ku malaman yanzu da kuke ta gardama a kan wace makaranta ta fi wace saboda sakamako, ku saurara, don na riga ku shiga wannan ruɗani, kuma har yau ban gama fita ba.

Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Ni malamin zagaya ne na En'e, wato hukumar gargajiya, ina zaune a Tambuwal. Aikina in hau keke in bi makarantun elementare na ƙauyuka, in duba rajista, in saurari darasi, in kai rahoto ga Baturen makaranta a Sakkwato. Baturen nan muna ce masa Mai Jan Fensir, don ba ya karanta takarda ba tare da ya zane ta da ja ba. Ba mugu ba ne, amma duk abin da bai shiga lissafi ba, a wurinsa bai faru ba.

Shi ya kawo sabuwar jarrabawa. A da, hedimasta ke zaɓen yaransa na aji huɗu, a yi musu tambayoyi wuni ɗaya, waɗanda suka ci su wuce makarantar Midil a Sakkwato. Bature ya ce wannan ba awo ba ne. Daga yanzu tambayoyi iri ɗaya za a yi wa kowace makaranta, a lokaci ɗaya, cikin ambulan da aka like, kuma da sakamakon za a san makaranta mai kyau da marar kyau. Wadda ba ta fitar da yaro ko ɗaya ba, a rufe ta, malaminta kuwa in ba shi da takardar horo a sallame shi.

Da na ji haka sai na san wanda dokar za ta fara ci. Malam Haliru ne, hedimastan wata ƙaramar makaranta a wani ƙauye na ƙasar Kebbe da ba zan faɗi sunansa ba. Shi ya fara ɗora mini alli a hannu tun yana koyarwa a Tambuwal. Ba shi da takardar horo, ya manyanta, kuma makarantar tasa ta daɗe ba ta tura kowa Midil ba. Mutanen ƙauyen noma suke yi da kiwon shanu tun kakanni, boko bai dame su ba.

Don kada wani ya taimaki yaransa, aka ce kowane hedimasta ya tafi wata makaranta ya tsare jarrabawa. Aka tura Malam Haliru Jabo, ni kuma aka ba ni tasa. Sai da na buɗe ambulan na ga ashe abin na kwana biyu ne: ranar farko lissafi, ta biyu karatu da rubutu. Ban san fuskokin yaran ba, don zagaye kawai ke kai ni can. Duk kansu a aske ƙwal, duk cikin riga da wando na makaranta iri ɗaya. Na kira suna, kowa ya ce na'am, suka zauna suka rubuta. Kashegari na sake kiran suna, kowa ya ce na'am. Na tattara takardu na like, na aika Sakkwato, inda wani malami ya duba lissafi, wani daban ya duba karatu.

Da sakamako ya fito, Mai Jan Fensir ya kira ni yana murmushi. Yaro ɗaya ne kawai ya ci a makarantar Malam Haliru, amma ya ci da kyau, ya wuce duk yaran makarantun da nake zagayawa. Sunansa Garba Dikko. Bature ya ce in je in yi wa hedimasta barka, in kuma gaya wa uban yaron ya shirya shi. Na hau keke ina ta murna kamar ni na ci.

Na sami Malam Haliru a gindin bishiyar makaranta. Na gaishe shi, na faɗi albishir, ina jiran ya ɗaga hannu ya yi hamdala. Sai ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar.

Ya ce, “Garba Dikko kac ce?”

Na ce, “Shi fa, Malam. Makaranta ta tsira.”

Ya ce, “Tun ina Jabo, da nig ga abin kwana biyu na, shi nika tsoro. Tashi mu tafi, Sa'idu, ka gani da idonka.”

Ban gane ba, amma na bi shi. Gidan yana bakin gari, kusa da garke. Mai gidan, Dikko, dattijo ne siriri mai fara'a. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura da nono. Bayan gaisuwa na ce, “Baba, na zo a kan ɗanka Garba na makaranta.”

Ya ce, “Madalla. Wane daga ciki ka ka so, Malam? Na yau ko na jiya?”

Na dubi Malam Haliru, ya kau da kai. Dikko ya yi kira, sai ga yara biyu, tsayinsu kusan ɗaya. Ɗaya na sanye da rigar makaranta, ɗaya da sanda a kafaɗa. Mai sandan shi ne Garba. Mai rigar ƙanensa ne, Sambo.

Dikko ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa baƙon da bai san gari ba. Ya ce, “Hakimi yac ce gidanga shi ba da ɗa guda ga makaranta. Mun ba da. Ba a ce muna wane ba. Shanu ko ba su san da boko ba, kullum sai an kai su daji. In wanga yat tafi makaranta, wancan shi bi shanu. Gobe su yi musanya. Wanda duk yas sa riga, shi a Garba Dikko.”

Ga waɗanda ba su san zamanin ba, haka ake samun yara. Umarni ya zo wa uban ƙasa, shi ya raba wa hakiman ƙauyuka, hakimi ya ɗora wa kowane babban gida yaro ɗaya. Mu a ofis mun ɗauka yaro aka ba mu. Su a ƙauye sun ɗauka gurbi aka ce su cike, kamar yadda gida ke tura mutum ɗaya aikin gayya, ko wane ne ya samu sarari.

Na tambayi yaran wa ya rubuta jarrabawa. Garba ya ce shi ya yi lissafi. Sambo ya ce shi ya yi karatu da rubutu, don ranar tasa ce. Ba wanda ya sunkuyar da kai, ba wanda ya ga laifi. Na ce to yaya suke yi da darasin ranar da ba su zo ba? Suka ce wanda ya je shi ke maimaita wa ɗan'uwansa da yamma a bakin garke, a rubuta a ƙasa.

Sai na ce bari in raba gardama. Na share ƙasa na ba Sambo lissafi, ya yi. Na ba Garba littafi, ya karanta. Na juya, na ƙara wuya, kowa ya yi daidai a wani wuri ya yi kuskure a wani. Ina neman wanda ya fi, ko wanda bai iya ba, na rasa duka biyun. Kaina ya ɗaure tam. A ce satar jarrabawa ce, ba wanda ya saci komai. A ce yaro ya ci, ba yaron da ya rubuta ta duka. A ce ba wanda ya ci, ga takardu an duba an ba da maki.

A hanyar komawa na ce, “Malam, ka san da wannan?”

Ya ce, “Na sani. Ba gidan Dikko kaɗai ba, gidaje da yawa hakanan su ka yi. Da niz zo na hana, damina guda ta koya min hankali, aji ya zan wayam. Da nib bari, kullum benci cike. Wasu gidajen ɗiya ukku ka zuwa bisa suna guda.”

Na ce, “To me zan gaya wa Bature?”

Ya ce, “Faɗi abin da kag gani, in ka gane shi. Ni ban koya maka ƙarya ba.”

Tun daga ƙauyen har Sakkwato ina juya maganar. Na tabbata in na faɗa za a soke sakamakon, makaranta ta tashi ba ta da kowa, a sallami mutumin da ya koya mini karatu, kuma da bakina. Tausayinsa ya cika ni, haushin kaina kuma ya fi, don ni na kira suna kwana biyu ban lura da komai ba.

Na shiga ofis na zayyana wa Mai Jan Fensir komai, ina jiran ya buga tebur. Ya sa na maimaita. Ya tashi ya leƙa taga, ya dawo, sai ya fashe da dariya har da hawaye. Da Hausarsa ta littafi ya ce, “Malam Sa'idu, kana nufin yaron da yake zuwa rabin lokaci ya fi masu zuwa kullum? Kuma sunaye kaɗan, yara da yawa? Wannan ita ce makaranta mafi kyau a wurinka!”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ashe ba za a rufe ta ba?”

Ya ce wa zai rufe irin wannan? Nan take ya yanke hukunci. Yaran biyu duk su tafi Midil. Kowane yaro da ke zuwa bisa sunan wani a rubuta nasa sunan, a ba shi tasa rigar, ya riƙa zuwa kullum. Za a aika wa uban ƙasa ya tabbatar an bi.

Na yi murna, amma murnar ba ta kai ƙofa ba. Na juyo na ce, “Ranka ya daɗe, in an ɗauki biyun, wa zai kai shanu daji?”

Ya ce, “Wannan ba tambayar ilimi ba ce.”

Ni aka sake aikawa da saƙon. Dikko ya saurare ni har na gama, fara'ar nan tasa ta ɗauke. Ya ce, “Guda kunka ce, Malam. Mun ba da guda, ba mu taɓa fashi ba. Yanzu don ɗiyana sun yi ƙoƙari, shi na za a amshe su duka?” Sai ya miƙe tsaye. Ya ce, “To, Allah shi kai mu.” Ya raka mu har bakin hanya.

Kafin ranar tafiya Sakkwato ta zo, Dikko ya kwashe iyalinsa da shanunsa ya yi kudu, ya bar gidan da aka haifi kakansa. Sauran gidajen ba su tashi ba, amma da aka zo rubuta sunaye sai aka tarar yara sun tafi wurin dangi, wannan yana mashekari, can daji, da shanu, wancan an kai shi karatun allo wani gari. Har yaro ɗayan da kowane gida ke bayarwa ya daina zuwa, don kowa ya ga abin da ƙoƙari ya jawo wa Dikko. Na koma zagaye na tarar da Malam Haliru yana koyar da 'yan ƙanana da ba su cika benci biyu ba.

Da shekara ta zagayo, an yi wa Mai Jan Fensir canji. Wanda ya gaje shi ya tarar da doka a rubuce, ya tarar makarantar ba ta da ko yaro ɗaya da ya zauna jarrabawa. Na yi bayani iyakar iyawata. Ya ce shi sakamako yake gani, ba labari ba. Aka rufe ta, aka sallami Malam Haliru.

Bayan wani lokaci na gamu da shi a kasuwar Tambuwal, yana zaune a rumfar wani ɗan'uwansa mai sayar da goro. Na durƙusa na gaishe shi, kunya ta hana ni ɗaga ido. Bai nuna mini fushi ba ko kaɗan. Ya tambayi iyali, ya ba ni goro, sa'an nan ya matso kusa.

Ya ce, “Sa'idu, abu guda nika son ka faɗa min, tunda kai ka awo. Bature guda yac ce makarantata ta fi kowace, guda yac ce ba ta da amfani, kuma duk da jarrabawa guda sunka auna. Kai da kag gani da idonka, mai kyau ta ko ba mai kyau ba?”

Na ce, “Malam, zan yi tunani in kawo maka amsa.”

Abin da na koya ke nan a aikin nan namu: sakamako yana faɗin abin da aka rubuta a takarda, ba ya faɗin wa ya zauna a benci, ko abin da gidansu ya bari don ya zauna. Tun daga ranar ban sake yabon makaranta ko kushe ta daga ofis ba, sai na taka na je na sha ruwan garin. Amma amsar Malam Haliru, na yi ta zuwa gaishe shi shekara da shekaru, kullum sai ya dube ni yana jira, har Allah ya karɓi ransa ban kai masa ita ba.