Ranar da Inna ta zama 'yar fim

Mahaifiyata bandar kifi take yi a Gashuwa tun kafin in yi wayo. Masunta su kawo mata tarwaɗa da karfasa daga wajen Dagona, ta gyara, ta jera a kan wuta, hayaƙi ya dafa kifin ya dafa ta. Baƙa ce wuluk, gajera, mai jiki, ga wushirya, ga dogayen tsagar Badawa a kumatunta. Ko a cikin taron biki ka hango tsagar nan ka san Inna ce.

Matsalar ta fara ne da tsofaffin 'yan sarinta na Nguru suka gaji da hanya, suka koma aiko 'ya'yansu. Su kuwa ba su san ta ba. Su shigo layin masu banda su ce ina Hajiya mai kifi, kowace mace ta ɗaga hannu ta ce ga ni. Ciniki yana wucewa ta gaban Inna tana kallo, abin yana cin ta.

Ni ina aure a Nguru, na ce ta zo a buga mata fosta irin ta leda da 'yan siyasa ke ratayewa, da sunanta da fuskarta ɓaro-ɓaro, mu ga wadda za ta sake cewa ita ce. Wayyo, zo ka ga shiri! Inna ta sha lalle, ta ciro atamfar da take ɓoyo a ƙasan akwati, ta turara ta har direban motar ya tambaya ko amarya ya ɗauko.

Mai buga fostar wani Bamange ne mai fara'a. Ya yi mana wushe-wushe, gaisuwarsu ta Mangawa, ya tsayar da Inna ta rungumi tiren banda, ya ɗauki hoto. Ya ce, “Mama, zan ɗan gyara shi kaɗan.” Muka ce to. Mu mun zata kwalliya zai ƙara wa tiren.

Da na kai fostar Gashuwa, a tsakar gida muka warware ta, maƙwabta sun cika. Kowa ya leƙo. Sai wata ta ce, “La ilaha! Wace ce wannan?”

Wallahi atamfar ce kawai tamu. Matar da ke ciki fara ce tas kamar an feraye doya. Wuya ya yi tsawo, ciki ya shafe, ƙugu kamar a kama da hannu ɗaya, daga nan kuma abu ya baje har yana neman fita daga fostar. Ƙirjin ma ya tura tiren gaba. Wushirya ta toshe. Tsaga kuwa babu ko ɗaya, kumatu sumul.

Muka zube. Ni har da riƙe ciki ina bubbuga ƙasa. Wata ta ce Inna ta faɗa mana inda take ɓoye wannan kayan duk shekarun nan. Inna ma dariya take har da hawaye, ta tashi tana gwada tafiyar matar, tana karairaya tana riƙe ƙugu, kaji suna watsewa. Baba ya shigo daga masallaci, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, ya ce, “Hajiya, ashe cutata aka yi? Wannan na biya wa sadaki, aka kawo mini wata.” Inna ta bi shi da mafici.

Na kira mai fostar ina huci, na ce malam, uwar wa ka buga mana? Ko a jikinsa. Ya ce haka ake yi yanzu, in duba tallan sabulu da na shinkafa da na maganin sauro, duk haka matan suke, in ba haka ba wa zai tsaya ya kalla? Na ce kifi muke sayarwa, ba ƙugu ba! Ya ce ai shi ya sa ya bar tiren.

Inna ta ce a rataya, tunda an riga an yi. Ranar kasuwa muka ɗaure ta a saman rumfa, kuma gaskiyar mutumin, an tsaya. Masu babur suna rage gudu. Wani dattijo ya sayi kifin da ko miya ba zai yi ba, ya yi ta leƙen bayan rumfa. Wani ya tambaya a hankali ko yarinyar tana da miji, Inna ta ce tana da shi, har da jikoki. Muka yi ta ƙyaƙyatawa.

Can sai ga ɗan wani babban mai sarinta daga Nguru, da kwalaye a mota. Ya karanta sunan, ya dubi hoton, ya dubi Inna da ke zaune a ƙarƙashinsa tana korar ƙuda. Ya ce, “Mama, Hajiyar ba ta fito ba ne?”

Inna ta ce, “Ni ce.”

Ya yi murmushi irin na wanda aka sha yi wa wannan. Ya ce babansa ya gargaɗe shi, kowa cewa take ita ce, zai zagaya ya dawo in mai wurin ta zo. Ya juya.

Raina ya ɓaci sosai, na miƙe zan wanke shi tas, Inna ta riƙe mini zane. Ta ɗauki wuƙar da take gyaran kifi, ta taka benci. Da farko ta yanke fostar daga wuya zuwa ƙasa, ta miƙo mini ƙugun da ƙirjin, ta ce in kai gida a rufe akurkin kaji. Sannan ta dafe farar fuskar da hannun hagu, ta ja wuƙa a kumatun daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi, wannan gefe da wancan. Hannunta duk baƙin hayaƙi ne, ya shafe fuskar. Rana ta ɓullo ta cikin tsagar.

Saurayin ya dubi sama, ya dubi Inna, ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, “Hajiya, ki yi haƙuri.” Ya fara sauke kwalaye.

Da yamma muna kwashe kaya na tsokane ta, na ce ta yi asarar ƙugu. Ba ta yi dariya ba. Ta shafa kumatunta ta ce, “Ƙugun dai, mai fostar ya yi wasa da shi yadda yake so. Amma wannan, a kan cinyar uwata aka yi mini ita, ita ta riƙe kaina. Ban da ita ba ni da komai nata.”