Marafan Kwalba a Cikin Asusu

Ni dai na taɓa yi wa kaina sata, wata biyar cur ina yi, kuma duk ranar da na yi sai in wuni ina yaba wa kaina wayo. Jiya wani jikana ya buɗe lemo a tsakar gida, marfin ya faɗi kan siminti ya yi ƙara, sai na ji kunyar ta dawo mini sabuwa kamar ban yi furfura ba. Shi ya sa na ce bari in ba ka labarin, in ka ga dama ka yi mini dariya, na yafe.

A lokacin da sojoji suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, ina da shekara goma sha uku, ina hannun kawuna a unguwar Koki. Boko kuwa aji uku na yi, ni da malamin muka gaji da juna, muka rabu lafiya. Kawu wankin hula yake yi a ƙofar gida. A jiƙa hula, a goge ta da buroshi da sabulu, a sa mata sitaci, a ɗora ta kan itacen da aka sassaƙa kamar kan mutum, a jera a rana, in ta bushe a buge ta har ta yi ƙyalli. Har yau in na ji ƙanshin sitaci mai zafi, dakalinmu nake gani. A shekarar kasuwa ta buɗe sosai, don kowa ya zama ɗan siyasa, ɗan siyasa kuwa ba ya hawa duro da dattin hula.

Ni ciwona keke. A Ƙofar Mazugal akwai wani dattijo Babarbare mai hayar kekuna, sule ɗaya awa guda. Wata Asabar na karɓi keke a wurinsa, ina cikin zagaye sai na ji kalangu da kirari, 'yan wata jam'iyya sun fito gangami. Na bi su. Da aka tsaya, na jingine keken a bayan wata akori-kura na haye katanga don in ga mai jawabi. Direban ya yi baya. Abin da na ɗauko a ƙasa, ko maƙeri sai ya tambaya da can mene ne.

Kawu bai dake ni ba, kuma da ya dake ni da ya fi mini sauƙi. Riga ya sa, ya ɗauki rediyonsa, ya tasa ni gaba. Wannan rediyon shekara biyu ya yi yana tari kafin ya saya, kuma saboda shi dattawan layinmu suke taruwa a dakalinmu bayan la'asar, ana jin labarin siyasa ana musu har a kira magariba. Ya ajiye shi a gaban mai keke.

"Haba Malam," in ji dattijon, "ni zan karɓi jingina a hannunka?"

"Baba, ai ba ni ne mai bashin ba. Ga shi nan tsaye. Shi kuwa ba shi da abin da za a yarda da shi, sai a riƙe nawa."

Aka yanke naira arba'in da takwas, a riƙa biyan naira ɗaya da sule biyu, wato sule goma sha biyu, duk Juma'a kafin a tafi masallaci. Kawu da bakinsa ya ƙara sharaɗi: ranar da Juma'a ɗaya ta wuce ba a kawo ba, rediyo ya zama na Baba.

Daga ranar ya yanka mini lada, sule huɗu a wuni, daga Asabar zuwa Alhamis. Amma ba a hannu yake zuba mini ba. Sule biyu a gwangwanin madara, na bashi ke nan. Sule ɗaya a aljihuna, in sayi abin da zan ci a waje. Na huɗun kuma a wani asusun ƙasa da ya saya ya ajiye a alkukin da ke jikin bangon zaure. Na ga abin bai yi mini ma'ana ba. Na ce, "Kawu, mai bashi yana tari? A zuba duka a gwangwani mana, mu gama da wuri." Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi hulunan da ke shanye, ya ce, "Kai dai zuba. Yanzu rana kake gani."

To a nan wayona ya motsa. Na gano in ka kifa asusu ka zura tsinken tsintsiya a bakinsa, sule yana zamowa. Matsalar ɗaya ce, Kawu yakan ɗaga shi lokaci lokaci ya girgiza ya ji nauyi. Sai na riƙa tsintar marafan kwalba a wurin mai lemo, in daddage su da dutse har su baje, in na zare sule ɗaya in mayar da marfi ɗaya. Ka san me nake yi da kuɗin? Keke nake haya. Tun da na ɓata sunana a Mazugal, sai in taka da ƙafa tun daga Koki har Ƙofar Kabuga, inda ba wanda ya san ni, in hau na awa guda, in sake takowa gida. Tafiyar da nake yi a ƙasa ta ninka wadda nake yi a kan keken, amma a lokacin ban taɓa lissafa haka ba.

Bazara ta wuce, Juma'a ba ta taɓa kuɓuce mana ba. Damina ta sauka, muna ɗan lallaɓawa, a shanya a kwashe. Sai ga marka a daidai watan da ake ta jefa ƙuri'a. Ruwa ya kama tun Litinin, ba mai ƙarfi ba, irin mai naci ɗin nan, ganuwar ƙasa tana jiƙewa, lungu ya zama taɓo. Hula arba'in a zaure, sun ƙi bushewa, sun fara tsami. Ba a gama aiki ba, ba lada. Ran Alhamis da safe gwangwani sule huɗu ne a ciki, ana neman goma sha biyu.

Kawu ya ce, "Ɗauko asusunka. Yau ce ranarsa."

Da hannuna na miƙa masa. Ya buga shi da ƙasa, marafai suka watse ko'ina a zaure, wani har ya gangara ƙofar gida. A cikinsu sule uku ne na gaske. Kawu ya durƙusa ya tsince ukun nan ya jefa a gwangwani, bai taɓa marfi ko ɗaya ba. Na ce ya ranta mini biyar. Ya ce, "Nawa asusun na hatsin gidan nan ne, baki tara ke jiransa. Rediyo kuwa tun ranar da na kai shi na san a hannun wa na bar shi." Ya shige gida.

Na zauna a cikin marafan nan ina kallon huluna. Masu su duk gobe suke so, don da su za su je Juma'a. Sai na tuna gidan burodin da ke bayan layinmu, inda muke jingina da bangon tanda lokacin sanyi mu ji ɗumi. Na ruga wurin mai gidan burodin na faɗa masa buƙatata. Ya ce ya yarda, amma in kwashe masa toka in shigo masa da itace. Sawu takwas na yi da kwando a ka, na rufe hulunan da tsohuwar tabarma. Na jera su a jikin bangon tanda a kan itatuwansu, ina juya su ɗaya bayan ɗaya don kada gefe ɗaya ya ƙone, in kwashi toka in dawo in juya. Kafin magariba sun bushe ƙarau. Da asuba ni da Kawu muka hau bugu, hantsi na yi na bi gida gida na raba.

Kawu ya biya ni ladan wuni biyu, sule takwas, har da na Juma'ar da ba a saba biyana ba. Na miƙa hannu zan zuba duka a gwangwani, ya riƙe ni. Ashe ya sayo sabon asusu. Biyu suka shiga can, huɗu a gwangwani, na cire ɗaya daga na cikina na cike. Ana kiran sallar farko na dire wa Baba kuɗinsa cif. Bayan an sauko, wani Alhaji ya tsaya a dakalinmu ya ce, "Malam, me ka sa wa hular nan? Tun a sahu nake jin yunwa." Haka muka ƙarasa daminar, rabin Koki suna zuwa masallaci suna ƙanshin burodi.

Sakamakon zaɓe a ƙofar gidan wasu Kawu ya ji shi, a tsaye, haka ma ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati. Bayan nan da mako biyu na kai biyan ƙarshe, Baba ya fito da rediyo a naɗe cikin zane, ko ƙura babu.

Tun daga nan na ci bashi ba sau ɗaya ba, na kayan shago, na filin da na gina gidan da nake ciki. Ba na tsoronsa. Duk abin da ya shigo hannuna kashi uku nake yi masa, na mai bashi, na ciki, da na ranar da rana za ta ƙi fitowa, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ƙofata neman kuɗinsa. 'Ya'yana yanzu a waya suke cin bashi, su danna kuɗi ya shigo, ba dattijon da za a je a durƙusa wa, ba rediyon kowa a ajiye. In na ce su yi tari suna cikin biya, sai su yi mini irin tambayar da na yi, da irin fuskar da na yi ta. Masu hayar keke ma sun ɓace, babur ya kore su.

Ranar da muka karɓo rediyon, ni na ɗauko shi a ka, Kawu yana gaba. Mun kusa shiga layinmu ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Daga gobe na ƙara maka sule ɗaya na abinci. Laifina ne, ban san yunwa na cinka har ka kai ga taɓa asusu ba."