Tagar da Luzi Ya Ƙi Rufewa

Ƙofar gidan Luzi ce ta fara gaishe ni, a goshi. Tun muna yara nake shiga gidan nan, har yau ban koyi sunkuyawa ba. Na shiga dafe da kai, guduma a aljihu, shi kuwa yana zaune jikin murhun da ya mutu, ko ɗagowa bai yi ba.

Luzi direban bas ne, ko in ce a da. Rabin rayuwarsa ya ƙarar yana hawa da gangara tsakanin duwatsun nan namu, matarsa Barbla a kujerar gaba duk ranar Asabar. Ita ba mutane take kallo ba, gidaje. A garin Ardez ta so masu kaurin bango, tagoginsu sun lotsa ciki, an karce musu ado a jikin farar ƙasa. Can yamma ta so rumbunan da ke tsaye kan faifan dutse don ɓera ya rasa ta hawa. Ta ɓangaren Italiya kuma rufin dutse ne ya tafi da ita. Kowane gari sai ta nuna ɗaya ta ce, "Wancan namu ne, Luzi." Shi ya ce to, ya canza giya. Da yamma su koma gidansu na itace da rana ta ƙona ya yi baƙi, ta ce ai duk ya fi su.

A asibitin birni ta rasu, a bene, cikin ɗakin da tagarsa ba ta buɗuwa.

Tsoffin gidajenmu suna da wata 'yar taga saman ɗakin kwana, faɗin tafin hannu, da murfin katako. In an yi mutuwa a zare shi rai ya fita, sannan a mayar. Luzi ya dawo daga jana'iza ya zare nasa, bai mayar ba. Bai yi kuka ba, bai daina cin abinci ba. Asabar yakan shiga bas, ya zauna a baya, garuruwan su wuce ta gabansa. Na tambaye shi me ya gani, ya ce, "Gidaje."

Yanzu sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara na zuba kan bargonsa, tari ya kama shi. 'Yarsa Stina ta yanke magana: ko a rufe tagar, ko ta zo Lahadi ta kwashe shi zuwa benenta a birni. Ni ta aiko, wai ina da kaifin baki.

Na ce, "Tsoho, ka mai da ɗaki firji. In cuku kake adanawa faɗa mini in kawo nawa."

Ya ci gaba da kallon murhun.

"Ƙusa biyu kawai, Luzi, ka zauna a gidanka. Ba fa a nan Barbla ta cika ba. Wa ya rage da zai fita?"

Sai a lokacin ya ɗago. Ya dubi ƙullutun goshina, ya miƙo hannu ya zare gudumar daga aljihuna, ya tura ta ƙarƙashin kujerarsa.

Ya ce, "Wa ya ce maka fita? Shigowa za ta yi. Kai da idonka biyu, ga ƙofa guda, ka kasa shiga lafiya, Valtin. Ita da ke laluben 'yar kafa cikin ƙanƙara kake so in rufe wa? Stina ta zo Lahadin."