Amshin da Ya Rage a Bakina

Abin da zan faɗa ya daɗe, kuma ban amince da ƙwaƙwalwata ƙwarai ba. Wataƙila na haɗa tafiya biyu na mayar da su ɗaya, ko na sa maganar wani a bakin wani. In haka ta faru, ba da gangan ba ne.

Ina kolej a Filinge na shiga ƙungiyar waƙa ta matasan unguwarmu. Bayan kaka, in hatsi ya shiga rumbu, garuruwa sukan yi bajekoli: tumaki, tabarmi, kilishi, kokawa da la'asar. Mu ne ke waƙa kafin ƴan kokawa su fito. A bayan kamiyo, babbar motar kaya, muke tafiya, da zannuwanmu iri ɗaya a ƙunshe don kada su yi datti. Na tuna Damana, na tuna Sanam. Abala ina jin mun je, amma ba zan rantse ba.

Ni ƴar amshi ce. Zabiyarmu ɗiyar wani mahauci ce daga bakin kasuwa, ba ta yi lakkwal ba, wato makarantar boko, ita ke ba da baiti mu amsa. Mai koya mana kuwa wani dattijo ne mai kalangu, muna ce masa Baba. Yana da doka guda wadda ban ji ta a wani wuri ba: ƴar amshi ba ta koyon baiti. Ranar da ya ga leɓena na bin zabiya, sai ya tsayar da kiɗa.

"Ke, ƴal lakkwal, mi kika tauna?"

"Baba, koyo nake."

"Wa ya aike ki? Wadda ta san baiti, bakinta na riga kunnenta. Ki jira kalangu, shi ka kiranki."

Sauran suka yi ta dariya, zabiya ta fi kowa. Ni kuwa mai tsoron kuskure ce tun asali, sai na bi dokar fiye da yadda ya nema. Na daina jin kalmomin ma. Kunnena na ga kalangu, in ya yi ƴar ƙarar nan tasa, in shiga. Waƙarmu da aka fi so ta masu tafiya ci-rani ce, amshinta: "Ku komo gida, hatsi ya nuna." A Sanam na ga wata tsohuwa ta aje ƙwaryar furarta tana share ido. Ban san baitin da ya taɓa ta ba, ban ji shi ba.

Daga baya na wuce lise, wato babbar sakandare, na wuce jami'a a Yamai, na samu aiki can. Ƙungiyar ta watse ba tare da sallama ba. Baba ya rasu ina shekarar ƙarshe a jami'a, sai a bakin mutane na ji.

Bana na zo gida hutu, daraktan lakkwal ɗin unguwarmu ya same ni. Yana so yara su yi waƙar nan a kermes, bikin ƙarshen shekarar karatu, an ce masa ina cikin waɗanda suka yi ta. Na ce to, ban ko yi tunani ba. Na tsaya gaban yaran a inuwar gawo, na gyara murya, sai na ji ina jira. Su ma jirana suke. Babu kalangu, babu zabiya. Na rera musu amshin, suka ɗauke shi nan take, sannan wata ta ce, "Madam, sai mi?"

Na nemi lambar wayar zabiya wajen danginta a kasuwa, na kira ta. Tana Agadas, tana sayar da abinci a tasha. Muryarta ta yi kauri, amma dariyar tana nan.

"Ƴal lakkwal! Ke da duk karatunki, waƙa guda ta gagare ki?"

Na roƙe ta ta rera mini baitocin. Ta fara, ta tsaya. Ta sake farawa.

"Wallahi ƴar'uwa, ba su zuwa. Ni in kun amsa ne na gaba ka tahowa. Ni kaɗai ban taɓa yin ta ba."

Na ce bari in amsa mata. Muka gwada ta waya, amma muryata takan isa gare ta a makare, tata ma haka, muka yi ta karo. Ta samo baiti guda da rabi, na wani da ya bar garma a bakin gona, sai masu sayen abinci suka kira ta. Na zauna riƙe da waya a tsakar gidanmu, ina maimaita amshin a hankali.

Kermes na ƙaratowa, abin da yaran ke da shi ke nan: baiti da rabi, da amshi. Ban so in ƙirƙiri sauran in ce namu ne. Mun fi goma a bayan kamiyon nan, kuma ba na jin kowa ya bi dokar Baba kamar yadda na bi ta. In kina cikinmu, ko kana cikin waɗanda suka tsaya kallo a Damana ko Sanam, a gyara mini inda na kauce. In kuma akwai baitin da ya maƙale wa wani, ko rabi ne, a aiko ta hannun mutanen gidanmu a Filinge. Yaran sun iya amshi, suna jira.